Tafarkin Digiri na Biyu a Kimiyyar Harshe: Abin da Na Gani a Hanya

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da kusan duk wanda ya karanci Hausa a babbar makaranta ya sha amsawa, wato: "Kai da aka haifa Bahaushe, me za ka karanto a Hausa?" Ɗalibin kwalejin ilimi yana shan wannan tambaya daga abokansa na sashen lissafi ko na kimiyya. Wanda kuwa ya ce zai zarce ya yi digiri na biyu ko na uku a kan harshen, to har a cikin gidansu ma sai an yi masa ita. Masu tambayar ba da mugun nufi suke yi ba. Sun ɗauka ne cewa iya magana da harshe daidai yake da sanin yadda harshen yake aiki, alhali kuwa kowa yana numfashi, amma likita ne ya san yadda huhu yake gudanar da aikinsa.

Manufar wannan rubutu ita ce in bayyana wa ɗalibai masu shirin zama malamai yadda karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar harshe yake, kamar yadda na bi ta cikinsa. Zan faɗi abin da ya tura ni, da matakan da ake bi, da ɗawainiyar da ke ciki, da kuma amfanin da malamin aji zai samu idan ya jure ya kai ƙarshe.

Abin da Ya Tura Ni

Bayan na kammala kwalejin ilimi, an tura ni koyarwa a wata ƙaramar sakandare ta ƙauye a yammacin ƙasar Hausa, inda ake magana da karin harshen da manazarta suke kira Sakkwatanci. Duk lokacin da na karɓi littattafan insha'i sai in tarar da kalmomi irin su zamna da amre da sabro da ɗamre, da jumloli irin su "sa'ad da munka tafi". Manhaja ta ce a koyar da daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina galibi a kan Kananci, don haka sai in gyara su zuwa zauna da aure da sauro da ɗaure, da "sa'ad da muka tafi". Wata rana wani yaro mai kaifin basira ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to kakata da take cewa zamna, kuskure take yi ke nan?" Na amsa masa da cewa kakarsa daidai take faɗa, rubutun makaranta ne yake da tasa ƙa'idar. Amsar ta gamsar da shi, ni kuwa sai ta bar ni da sha'awar sanin inda wannan bambanci ya samo asali.

Sai da na shiga karatun digiri na farko na haɗu da bayanin. Wani masanin harshe Bajamushe mai suna August Klingenheben ya nuna, tun a ƙarshen shekarun 1920, cewa wasu baƙaƙen Hausa sukan raunana su koma wasali idan suka zo a ƙarshen gaɓa. Shi ya sa muke da talaka amma muke cewa talauci, muke da ɓauna amma jam'inta ɓakane, muke da juji amma jam'insa jibaje. Baƙin da ya ɓace a tilo yana nan daram a jam'i, domin a can ba a ƙarshen gaɓa ya zo ba. Sauyin da ya shafi baƙaƙe irin su k ya game ƙasar Hausa, amma wanda ya shafi baƙaƙen leɓe irin su b da m ya tsaya ne a karuruwan gabas. Ashe ke nan mai cewa zamna tsohuwar sigar kalmar ce ya riƙe. Da na fahimci cewa abin da ake gani kamar hargitsi a bakin jama'a yana tafiya ne bisa doka mai tsari, sai na ƙudura a raina cewa zan nemi digiri na biyu in ga iyakar abin.

Shekarar Kwasa-kwasai

Mai takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi ba ya tsallakawa kai tsaye zuwa digiri na biyu. Dole ne ya fara samun digiri na farko da sakamako mai kyau, sannan ya nemi gurbi ta hannun makarantar karatun gaba da digiri na farko ta jami'ar da yake so. A Arewacin Nijeriya, Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Bayero da ke Kano, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri sun daɗe suna horar da ɗalibai a wannan fage.

Shekarar farko ta kwasa-kwasai ce. A nan ne ake zurfafa wa ɗalibi a ilimin furuci, da tsarin sauti, da ginin kalma, da ginin jumla, da ilimin ma'ana, da walwalar harshe, da kuma dabarun gudanar da bincike. Sunayen darussan duk na san su tun daga kwaleji, amma yadda ake koyar da su ya sha bamban. A kwaleji ana ba ka ƙa'ida ka riƙe. A nan kuwa sai a ajiye maka ra'ayoyin masana biyu masu saɓani a kan al'amari ɗaya, a ce ka faɗi wanda ya fi ƙarfin hujja, ka kawo misalai daga bakin masu harshen.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na aikatau. F. W. Parsons, wanda ya koyar da Hausa a Jami'ar Landan, ya fitar da wani tsari a 1960 inda ya kasa aikatan Hausa zuwa aji bakwai, waɗanda ake kira giredi, bisa la'akari da wasalin ƙarshe da karin sauti. Ɗauki saiwar da ke cikin kalmar saya. Idan aka ce sayo, an nuna aikin ya nufo wajen mai magana. Idan aka ce saye, an nuna an kwashe kayan duka. Idan aka ce sayar, kayan sun fita daga hannun mai su. Idan kuma aka ce sayu, an nuna cinikin ya yiwu. Ɗan shekara biyar yana sarrafa waɗannan sigogi ba tare da tuntuɓe ba, amma bayyana dokar da yake bi ya ci wa masana shekaru suna muhawara.

A wannan shekara ce kuma na san matsayin Hausa a cikin harsunan duniya. Bisa rabon da Joseph Greenberg ya yi wa harsunan Afirka a littafinsa na 1963, Hausa tana cikin rukunin harsunan Cadi, tare da Gwandara da Bolanci da Tangale da Badanci da Angas. Rukunin Cadi kuwa reshe ne na babban dangin da ya haɗa da Larabci da Ibrananci da harshen Buzaye da na Somaliya. Fulatanci da Barbarci, duk da maƙwabtaka da cuɗanya ta ɗaruruwan shekaru, kowannensu danginsa daban ne.

Zaɓen Batu da Bitar Ayyukan Magabata

Idan an ci kwasa-kwasai sai a haɗa ɗalibi da malamin da zai duba aikinsa. Ranar da na fara zama da nawa malamin, na gaya masa ina son in yi bincike a kan karin harshen Hausa. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, abin da ka faɗa fage ne, kuma fagen ya ishi mutum ɗari. Wace tambaya ce kake son amsawa, a wane gari, a bakin su wa?" Sai da muka yi zama huɗu kafin batun ya tsaya a kan abu ɗaya, wato kwatanta yadda tsofaffi da matasa suke furta baƙaƙen ƙarshen gaɓa a gundumar da na yi koyarwa. Kowane mai bincike sai ya bi ta wannan mataki na rage buri, domin batun da ya yi faɗi da yawa ba a iya kai shi ƙarshe a cikin lokacin da jami'a ta ƙayyade.

Daga nan sai bitar ayyukan da suka gabata. Wannan babi ne yake nuna wa ɗalibi cewa ba a kansa aka fara ba. J. F. Schön ya wallafa nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876. G. P. Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa a 1934, inda yake nuna karin sauti da tsawon wasali, har ma da yankin da ake amfani da kalmomi da dama, abin da ya yi mini amfani ƙwarai. R. C. Abraham ya biyo baya da nasa a 1949. Sannan 'yan ƙasa suka karɓi aikin. M. K. M. Galadanci ya kammala digirinsa na uku a Landan a 1969, ya kuma wallafa littafinsa na nahawu a 1976. Dauda Muhammad Bagari ya rubuta Bayanin Hausa a 1986, M. A. Z. Sani kuma ya fitar da Tsarin Sauti da Nahawun Hausa a 1999. A 2000 Paul Newman ya wallafa katafaren nahawunsa, Philip Jaggar ya fitar da nasa a 2001, sai kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006.

Wasu daga cikin waɗannan ayyuka ana samun su yanzu ta intanet, amma kundaye da yawa da ɗalibai suka rubuta a jami'o'inmu suna nan a kan kanta a ɗakunan karatu na sassa, sai mutum ya taka da ƙafarsa. Na yi tafiye-tafiye zuwa garuruwa uku domin wannan, ina kwana a wajen 'yan'uwa da abokai. Abin da ake nema a bitar shi ne a gano giɓin da magabata suka bari, domin wannan giɓin ne hujjar ci gaba da bincike. Kuma wajibi ne a ambaci mai kowace magana da aka ɗauko. Kwashe aikin wani ba tare da ambatonsa ba sata ce, kuma tana iya jawo a soke kundi baki ɗaya.

Fita Fagen Tattara Bayanai

Masu iya magana suna cewa gani ya kori ji, amma a wannan fanni ji ne kan gaba. Bayan na gabatar da tsarin bincikena a gaban malaman sashe sun amince, sai na koma ƙauye da na'urar ɗaukar magana da littafin rubutu. Na fara da gaishe da mai gari da neman izininsa, sannan duk wanda zan ɗauki muryarsa sai na bayyana masa abin da zan yi da ita, ya yarda tukuna.

Matsala ta farko da na ci karo da ita sananniya ce ga masana walwalar harshe, kuma William Labov na Amurka ya yi bayaninta tun a farkon shekarun 1970. Mai bincike yana son ya ji yadda mutane suke magana idan ba a sa musu ido ba, amma ba shi da hanyar jin haka sai ta sa musu ido. Da zarar na ajiye na'ura, sai dattijon da muka gama hira da shi cikin Sakkwatanci tsantsa ya gyara zama ya koma irin Hausar da yake ji a rediyo. Dabarar da ta fisshe ni ita ce in daina tambaya a kan kalmomi, in koma tambaya a kan rayuwa. Sai in ce, "Baba, yaya aka yi da ku a shekarar da fari ya ci amfanin gona?" Kafin ya yi nisa a labarin ya manta da na'urar, harshensa na gida ya dawo.

Matsala ta biyu ita ce ta shiga gidaje. Maganar mata tana da muhimmanci ga irin wannan bincike, musamman tsofaffin da ba su yi yawon ci-rani ba, amma namiji baƙo ba ya shiga cikin gidan aure. Ƙanwata ce ta ɗauke mini wannan nauyi. Na koya mata yadda ake riƙe na'ura da irin tambayoyin da za ta yi, ta riƙa shiga tana zama da su a bakin murhu. Mafi kyawun bayanan da na samu daga wajenta suka fito.

Bayan an dawo gida sai aikin juyar da magana zuwa rubutu, wanda shi ne mafi cin rai. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suke fitowa iri ɗaya a takarda. Ba ya kuma nuna karin sauti, shi ya sa kuka na hawaye da kuka ta miya ba su da bambanci a ido. Mai bincike kuwa dole ne ya nuna duka biyun a kan kowace gaɓa. Hirar minti biyar takan cinye mini fiye da sa'a guda. Inda kunne ya yi shakka sai in koma ga Praat, wata manhajar kwamfuta ta kyauta da Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, wadda take zana hoton sauti ta nuna tsawonsa da tashinsa da faɗuwarsa. Abin da na ji da kunnena a ƙarshe shi ne, tsofaffi suna riƙe da tsohuwar siga, matasan da suka yi makaranta kuwa suna da sigogin biyu, suna zaɓar wadda za su yi amfani da ita gwargwadon wanda suke magana da shi.

Rubuta Kundi da Kare Shi

Rubuta kundi da Hausa yana da tasa wahalar, domin kowane ra'i da aka karanto da Ingilishi sai an nemo masa kalmar da ta dace. Littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Dalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, ya sauƙaƙa wannan aiki, kuma yana da kyau kowane ɗalibin Hausa ya san shi. Kowane babi sai ya je wajen malami ya dawo da jan biro, a gyara a sake kaiwa. Babina na huɗu sau biyar yana zuwa yana dawowa. Tambayar da malamina ya fi yawan rubutawa a gefen takarda ita ce, "Ina hujja?"

Idan an gama sai a gabatar da aikin a gaban malaman sashe, daga baya kuma a gayyato mai jarrabawa daga wata jami'a. A ranar kare kundi ana zaunar da ɗalibi a yi masa tambayoyi a kan kowane shafi, tun daga dalilin da ya sa ya zaɓi waɗannan mutane har zuwa dalilin da ya sa ya fifita wannan ra'i a kan wancan. Wanda ya yi aikinsa da kansa ba ya jin tsoron wannan rana, domin babu wanda ya fi shi sanin bayanan da ya tattaro.

Ɗawainiyar da ke Ciki

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, karatun yana da tsada. Akwai kuɗin rajista, da na mota, da na buga takardu, da ɗan goron da ake kai wa dattawan da suka ba da lokacinsu. Asusun TETFund, wanda aka kafa da dokar 2011, yana ɗaukar nauyin ƙaro ilimi ga malaman manyan makarantun gwamnati, amma malamin firamare ko sakandare galibi da albashinsa yake yi, sai dai ya nemi hutun ƙaro ilimi daga hukumar da ta ɗauke shi aiki. Lokaci ma yakan zarce yadda aka tsara. A 2022, alal misali, jami'o'in gwamnati da dama sun kasance a rufe har tsawon wata takwas saboda yajin aikin malamai. Haka kuma iyali suna biyan nasu kason, domin dare da ranakun hutu duk na kundi ne. Cikin waɗanda muka fara tare akwai waɗanda suka tsaya a hanya, kuma ba don ƙarancin basira ba. Saboda haka duk mai niyya ya yi shawara da iyalinsa, ya kuma fara tanadi da wuri, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Amfaninsa ga Malamin Aji

Ribar farko da na gani ita ce sauyin da aka samu a koyarwata. Malamin da ya san ginin kalma yana iya bayyana dalilin da ya sa ake haɗe motarsa a rubutu amma ake raba ya tafi, da bambancin da ke tsakanin akan yi da a kan tebur. Wanda ya san tsarin gaɓar Hausa, cewa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, ya san abin da ya sa kalmomin aro irin su burodi da firamare suka sami ƙarin wasali, ya kuma san inda ɗalibansa za su yi tuntuɓe a furucin Ingilishi tun kafin su yi. Wanda ya san karin harshe kuwa yana koyar da daidaitacciyar Hausa a matsayin Hausar rubutu da jarrabawa ba tare da ya sa yaro ya raina maganar iyayensa ba. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin yaron da aka kunyata a kan harshen gidansu yakan yi shiru a aji, wanda ya yi shiru kuwa da wuya a gane abin da bai fahimta ba.

Riba ta biyu ta al'umma ce. Karuruwan Hausa na ƙauyuka suna sauyawa cikin sauri saboda makaranta da rediyo da fina-finai da wayar hannu. A jihohin Bauchi da Gombe da Filato akwai ƙananan harsuna 'yan'uwan Hausa waɗanda yara suke barinsu suna komawa Hausa, wasunsu kuma ba a yi musu cikakken nazari ba. Na'urorin fassara da na gane murya su ma suna bukatar bayanan Hausa ingantattu daga hannun waɗanda suka san tsarinta. Malamin da aka tura ƙauye yana zaune ne a tsakiyar bayanan da masani daga nesa yake kashe kuɗi mai yawa kafin ya same su.

Kammalawa

A wannan rubutu an ga matakan da mai neman digiri na biyu a kimiyyar harshe yake bi, tun daga kwasa-kwasai har zuwa kare kundi, tare da wahalhalu da fa'idojin da ke tattare da su. Ba kowane malami ne zai sami halin bin wannan hanya ba, kuma wanda ya tsaya a aji yana koyarwa da gaskiya ya yi babban aiki. Amma ga wanda yake jin sha'awar abin, shawarata ita ce ya fara tun yana kwaleji. Ya kyautata sakamakonsa, domin shi ne zai buɗe masa ƙofar digiri na farko. Ya ƙarfafa Ingilishinsa, domin yawancin littattafan fannin da shi aka rubuta su. Ya koyi sa alamar karin sauti da tsawon wasali har hannunsa ya saba. Sannan idan ya fita koyarwar gwaji, ya tafi da ƙaramin littafi a aljihu, duk kalma ko jumlar da ya ji ta saɓa wa abin da ya sani ya rubuta ta, tare da garin da ya ji ta da kimanin shekarun wanda ya faɗe ta. Daga irin wannan littafi ne batun bincikena ya fito.